Tambaya da Amsa: Ta Tsaya Tek a Kumasi ko Ta Tafi Tamale?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi. 'Yata ta gama sakandare, kuma sakamakonta na WASSCE ya yi kyau. Jami'ar KNUST ta nan Kumasi, wadda ake kira Tek, ta ba ta gurbi, amma a kimiyyar halittu, ba a aikin jinya da ta nema ba. Jami'ar UDS ta Tamale kuwa ta ba ta jinyar. Ita hankalinta na Tamale. Ni da mahaifiyarta mun fi son ta zauna gida tana zuwa Tek tana dawowa, ga sauƙin kuɗi, ga ta a gaban idonmu. Wanne ya fi? Daga wani uba, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya sa ku ci moriyar karatunta.

Ku fara da kwas ɗin, ku bar maganar nisa ta biyo baya. Shekara huɗu za ta yi a makaranta, amma takardar da za ta fito da ita ce za ta bi ta har tsufa. Wanda ya karanta kimiyyar halittu ba ya zama nas, domin hukumar kula da nas-nas da ungozoma ta Gana ba ta ba da lasisi sai ga wanda ya yi kwas ɗin jinya a makarantar da ta amince da ita, ya kuma ci jarrabawarta. Za ku ji masu cewa ta shiga Tek tukuna, in ta yi shekara ɗaya sai ta canja. Kada ku dogara da wannan. Guraben jinya da likitanci da haɗa magunguna su ne suka fi ko'ina cika, kuma ba a saba buɗe su ga wanda ya shigo ta wata ƙofa ba. Kimiyyar halittu kwas ne mai daraja, yana kai mutum koyarwa ko bincike ko ƙarin karatu, amma sai ga mai sonsa. Ita ma jinyar, a faɗi gaskiya, ba a gamawa yau a samu aiki gobe, don masu lasisi da yawa kan daɗe suna jiran gwamnati ta ɗauke su. Duk da haka sana'a ce a hannu. Ku zaunar da ita ku tambaye ta dalilin son jinya. In ta san aikin, ta san akwai kwanan asibiti da wanke ciwo da ganin mutuwa, kuma ta ce ta ji ta gani, to hujjarta ta fi ta kusanci ƙarfi. In kuwa ƙawayenta ne za su Tamale take son bi, wannan wata magana ce.

Sai kuɗi. A nan ne iyaye suka fi yin kuskuren lissafi, suna ɗauka zaman gida kyauta ne. Ku ɗauki takarda ku raba ta biyu. A gefen Kumasi ku rubuta kuɗin mota. Shekarar karatu samista biyu ce, kowace kusan mako 16 har da jarrabawa. Kwana biyar a mako ya ba ku kwana 160, zuwa da dawowa hawa 320 ke nan, in mota ɗaya ce ke kai ta. Ku ninka da kuɗin torotoro na yau, wato ƙaramar bas ta haya, ku ƙara na tasi ko adaidaita a ranakun da dare ya yi mata, ku ƙara abincin rana a makaranta. A gefen Tamale ku rubuta kuɗin ɗaki, wanda masu hostal kan karɓa na shekara dungum tun kafin a shiga, sai abinci, da gas, da ruwa, da kuɗin bas na zuwa da dawowa aƙalla sau uku a shekara. Tsakanin Kumasi da Tamale kusan kilomita 380 ne ta Techiman da Kintampo, tafiyar awa shida zuwa bakwai. Ku sa kayan aikin jinya kuma: yunifom, takalmi, da kuɗin motar zuwa asibiti lokacin koyon aiki.

Galibi Tamale za ta fi tsada, ba mu musun wannan. Abin da muke so ku gani shi ne girman ratar, ku kuma auna ko za ku iya ɗaukarta shekara huɗu, ba shekara ɗaya ba. Tun 2025 gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta, ana nema ta asusun bashin ɗalibai na SLTF, amma wannan bai haɗa da ɗaki da abinci ba, kuma daga shekara ta biyu nauyin ya dawo kanku. Shi asusun yana ba da bashi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ba tare da mai tsaya wa ɗalibi ba, sai dai kuɗin kan makara, bai kamata ya zama shi ne jingina ba. Mafi munin abin da ke faruwa shi ne a tura yaro nesa da ƙarfin shekara ɗaya, a shekara ta biyu ya koma raɓe a ɗakin abokai, yana karatu da yunwa.

Yanzu mu zo kan gida, kuma ku yi mana haƙuri, za mu faɗi abin da ke akwai. Aboabo da Tek ba nisa a taswira, amma duk mai bin Anloga Junction da Oforikrom da safe ya san cunkoson wurin. Mai lakcar ƙarfe 8 sai ta fito tun gari bai gama wayewa ba, in ta sauka Tek Junction kuma da sauran tafiya zuwa ajinta. Wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce gidan Zango ba ya ɗaukar 'ya mace da ke kwana a cikinsa a matsayin ɗaliba. Ta dawo da magariba a gajiye, ta ajiye jaka, sai a ce ga tuwo a wuta, ga ƙanne ba su yi wanka ba, gobe akwai suna a gidan gwaggo, Asabar biki, Lahadi sadakar arba'in, kuma in ba ta je ba a ce boko ya sa ta girman kai. Ba mugunta ba ce, zumunci ne, amma yana cin maki. A jami'a rabin karatu bayan lakca ake yin sa: a laburare, a ɗakin gwaje-gwaje, a rukunin abokan karatu da kan haɗu da yamma su warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Mai gudun kada mota ta ƙare ita ce ke fara tashi daga wurin.

Saboda haka in kun yanke ta tsaya Kumasi, ku tsayar mata da sharuɗɗa a gaban kowa a gidan: tebur da fitila a wurin da ba hayaniya, babu aike daga Litinin zuwa Juma'a, kuma a makonnin jarrabawa an ɗauke mata girki da bukukuwa. Mafi kyau ma ku nema mata gado a shekarar farko. KNUST na fifita sababbin ɗalibai a manyan gidajen kwananta, irin su Africa da Queens da Republic da Independence, kuma sun fi hostal ɗin Ayeduase da Kotei da Bomso araha. Gadajen kan ƙare da wuri a intanet, don haka sai an biya kuɗin makaranta da sauri.

Tsoronku game da tarbiyya halal ne, kowane uba na da shi. Sai dai Tamale ba baƙon wuri ba ne ga Musulmi. Gari ne da mafi yawan mutanensa Musulmi ne, masallatai ko'ina, abinci ba abin tambaya, akwai Zango da masu jin Hausa, ko da yake za ta buƙaci ɗan Dagbanci don gaisawa da marasa lafiya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA na nan a UDS kamar yadda take a Tek, ta yi rajista da su tun makon farko. Abubuwa biyu ku shirya musu. Na ɗaya zafi, wanda kan kai kusan digiri 40 a Maris da Afrilu, ga ƙarancin ruwan famfo a unguwanni da yawa. Na biyu tsarin UDS kanta, wadda aka kafa a 1992: shekararta kashi uku ce, kuma a shekarun farko kashi na uku ana tura ɗalibai rukuni-rukuni su zauna a ƙauye makonni da dama suna aikin nazari. Ku san da wannan tun yanzu, ku ware masa guzuri, kada ya zo muku ba zata.

Ra'ayinmu, in yarinya ta tabbata a kan jinya kuma lissafin shekara huɗu ya fita, ku bar ta ta tafi. In lissafi bai fita ba, ba dole sai kimiyyar halittu ba: akwai kwalejin horar da nas-nas da ungozoma a nan Kumasi kusa da asibitin Komfo Anokye, fam ɗinta daban ne, na ma'aikatar lafiya, tana iya nema in an buɗe.

Kafin ku biya ko sisi, gani ya kori ji. Ku ko mahaifiyarta ku raka ta Tamale, ku shiga ɗakin da idonku. Ku tambayi mutum nawa ne a ɗaki, ku buɗe famfo ku gani ko akwai tanki, ku duba makulli da mai gadi, ku ji ko kuɗin wuta na cikin na haya, ku auna nisan wurin da aji. Kada ku tura wa kowane dillali kuɗi ta MoMo a kan hoton ɗaki, don ana damfarar sababbin ɗalibai ta nan duk shekara. Ku samo mutum ɗaya amintacce a garin, ɗan'uwa ko malami ko abokin kasuwanci, wanda zai iya zuwa in ta kwanta rashin lafiya, ku kuma sabunta mata katin inshorar lafiya. Duk kuɗin da makaranta ta nemi ku biya, ku biya shi ta bankin da takardar gurbin ta ambata kaɗai, ku adana rasit. Ku duba ranar ƙarshe ta biya a takardun biyu yau ɗin nan, domin in ta wuce makaranta na iya ba wani gurbin.