Na haɗa sabuwar kwamfuta, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi kaya ɗai-ɗai na haɗa kwamfutar tebur da hannuna: furosesa Ryzen 5 5600 sabuwa a kwali, madabod B450 na hannu, RAM guda 2 masu giga 8 kowanne, da katin hoto GTX 1660. In na danna makunni fitilu na kamawa, fankoki na juyawa, amma allo ba ya nuna komai. Abokina ya ce furosesar ce ta ƙone. In mayar wa mai shago ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dakata da maganar mayarwa tukuna. Da wuya furosesa ta fito daga kwali a mace, kuma juyawar fanka ba ta nuna komai illa cewa wuta ta shiga madabod.

Fara leƙa bayan akwatin. Ina ka soka wayar HDMI? Ryzen 5 5600 ba ta da injin hoto a cikinta, don haka ramin HDMI na jikin madabod ado ne kawai a wajenka. Dole wayar ta shiga ramin katin hoton, can ƙasa. Katin kuma yana da tasa wayar wutar daga fawa saflai, ka tabbatar ta zauna. Haka ma wayar furosesa mai baki 8 da ke kusurwar sama ta hagu. Masu sabon haɗi suna yawan soka babbar mai baki 24 su manta da wannan. Ka duba rubutun jikinta: wadda aka rubuta CPU ce ta madabod, mai PCIe ta katin hoto ce, kada ka tilasta wa ɗaya shiga gurbin ɗaya.

Sai RAM. Zare wayar wuta daga soket, ka cire su duka biyun, ka mayar da guda ɗaya a rami na biyu daga gefen furosesa, wanda ake rubuta wa A2. Danna shi sosai har maƙallin ya yi ƙas, don yana son ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato. Bai tashi ba? Gwada ɗayan. Idan da sanyin hunturu kake aikin, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kaya, saboda bushewar iska na tara lantarki a jikin mutum. Tunda madabod ɗin na hannu ne, ka cire ƙaramin batirinsa mai kama da kwabo, CR2032, na minti 5 ka mayar, domin saitin mai shi na farko ya goge.

Amma inda zargina ya fi ƙarfi shi ne BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a madabod tana gane kayan da aka ɗora masa. B450 ya fito a 2018. Jerin Ryzen 5000 sai a Nuwamba 2020 ya fara shiga kasuwa, ita kuwa 5600 ɗinka a 2022. Gurbinsu ɗaya ne, AM4, shi ya sa furosesar ta zauna daram ba gardama, mutum ya ɗauka an gama. Da farko ma kamfanin AMD cewa ya yi B450 ba zai ɗauki wannan jerin ba, sai da masu saye suka yi ca sannan ya janye, kamfanonin madabod suka fitar da sabon BIOS. Madabod ɗin da aka ƙera kafin nan, kuma mai shi bai taɓa sabunta shi ba, bai san furosesarka ba sam. Alamarsa kuwa ita ce wadda ka faɗa: fitila, fanka, baƙin allo. In madabod ɗinka na da ƙananan fitilu 4 masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, ka ga wadda ta tsaya a kunne. In ta CPU ce, zargin ya ƙara tabbata.

Maganin ya danganta da irin madabod ɗin. Wasu suna da ɗan maɓalli a baya kusa da ramukan USB, da ke sabunta BIOS ba tare da furosesa ta yi aiki ba. Za ka sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin, na ainihin samfurinka harafi da harafi, ka sa a filash da aka yi wa fomat na FAT32, ka sauya masa suna yadda littafin madabod ya ce (a na MSI, MSI.ROM ne), ka soka a ramin da aka ware, ka danna. Fitila za ta yi ta ƙiftawa na 'yan mintuna. In babu maɓallin, sai ka kai wa mai gyara ya ɗora tsohuwar furosesa irin Ryzen 3 2200G ko Ryzen 5 2600, ya sabunta, ya mayar da taka. Aiki ne na ƙasa da awa guda, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon madabod ba.

Gargaɗina a nan shi ne wuta. Kada ka kuskura ka fara sabunta BIOS a kan wutar NEPA tsurarta, ko janareta mai tari. In aka ɗauke ana tsaka da rubutawa, madabod na iya mutuwa murus, sai an nemi mai na'urar rubuta wa ƙwayar BIOS kai tsaye. Ka jona a UPS ko inbata mai cikakken caji.

In an sabunta kuma shiru, fito da madabod daga akwatin ka ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa da fankarta, RAM ɗaya da katin hoto kaɗai. Taɓa filoli biyu na PWR SW da bakin sukundireba zai tashe shi. In ya nuna hoto a waje, to akwai ƙusar ƙarfe a akwatin da ke taɓa bayan madabod inda babu rami. In bai nuna ba, ciro furosesar ka haska ƙasanta da tocila, ka duba ko wani fil ya lanƙwashe. Sai ka ga filolin duk a miƙe, kuma an gwada ta a wani madabod ta ƙi, sannan ka ɗauki rasit ka nufi shagon.