Ina Zan Samu Tsohuwar Taswirar Garinmu?

Tambaya: Salam Malam. Ni malamin firamare ne daga yankin Kusada a jihar Katsina. Dattawa suna ce mana garinmu da yana da ganuwa da ƙofofi, kuma akwai burtali da ya bi ta gabas wanda yanzu duk an nome shi. Akwai tsohuwar taswira da zata nuna mana wannan? Ina ake samu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Akwai, amma dan Allah ka cire rai da samun takarda guda mai sunan garinku a samanta. Ƙananan garuruwa ba'a cika yi musu taswira su kaɗai ba, sai dai ka tsince su cikin ta hanya ko ta gunduma, kowacce da abinda take nunawa.

Ku kam kun yi sa'a tunda yankinku yana kan tsohuwar hanyar fatake ta Katsina zuwa Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a farkon 1851, ya ratsa Kusada da Bichi kafin ya shiga Kano, kuma taswirorin da aka buga da labarin tafiyarsa sun nuna zango-zangon da ya bi. Sai dai layi ne kawai da ɗigo da suna, in garinku yana gefe da hanya ba lallai ya fito ba.

Inda naman yake shine takardun zamanin En'e. Bayan 1903 Turawa sun damu ƙwarai da haraji da jangali, to sai Di'o ya hau doki ya zaga gunduma yana ƙirga magidanta da shanu da rijiyoyi da karofi, ya rubuta rahoto, sau da yawa ya liƙa zanen hannu a bayansa wanda zaka ga ƙauyuka da kasuwanni da fadamu da iyakar dagatai, wani lokacin har da jar tawada an ja layin iyaka an sake gogewa. Waɗannan suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka kuma leƙa Arewa House tunda ka shigo garin. Ga inda mutane suke ɓata: su je su nemi fayil ɗin lardin Katsina kawai su dawo suce babu. Ai Katsina a ƙarƙashin lardin Kano take har 1926, aka maida ta Zariya, sai 1934 ta zama lardi mai zaman kanta, saboda haka sai ka bi duka ukun. Kuma da sunan gunduma ake nema, ka fara tambayar dattawa wane hakimi kuke bi a lokacin, don ƙananan hukumomin yau ba su ne gundumomin da ba.

Maganar ganuwa da burtali kuwa, abinda zai fi yi maka amfani shine taswirorin da aka zana daga hoton jirgin sama wajen shekarun 1950 da 1960, masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. A irinsu ake ganin rafi da turba da kewayen gari. Ka tambaya a ofishin Safiyo Janar na jiha ko na tarayya a Abuja, in ma da hali ka nemi hoton jirgin kansa, don a hoto ko ganuwa ta zube tabonta yana fitowa kamar zobe, burtali kuma zaka ganshi layi biyu na shinge a jere. A intanet akwai na sojojin Amurka masu 1:250,000 a shafin laburaren Jami'ar Texas kyauta, amma su sun yi nisa da yawa, sunan gari da hanya kawai zaka gani.

Ka yi hattara da rubutun suna. Bature yana rubuta abinda kunnensa ya ji daga bakin tafinta, Tasawa ma a takardun Faransa Tessaoua ce. Ka gwada sunan ta kowace fuska. Sannan ƙauye yana tashi, mutane su bar kufai su koma bakin titi da sunansu, sai kaga taswira ta sa gari a inda yau gona ce kace kuskure ne alhali gaskiyarta ne.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada zanen Di'o ya zama makamin rigimar gona. Da kamfas da ƙiyasin tafiyar doki aka yi yawancinsu, kuskuren kilomita guda ba komai bane a wajensu. In ka samo kwafi ka buga shi babba, ka ɗauki dattawan nan biyu ko uku ku taka wurin da rani bayan an kwashe amfanin gona, su nuna maka inda kowace ƙofa take da sunanta, kai kuma kana ɗaukar lambar wurin da GPS na wayarka kana rubutawa a gefen takardar.