Mai shan maganin hawan jini da jiri ke ɗibarsa, zai ci gaba da azumi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina da hawan jini, likita ya ɗora ni kan lisinopril da wata ƙwaya mai sa yawan fitsari, to in na ɗauki azumi da la'asar ta yi sai jiri, in na miƙe har duhu nake gani. Dan Allah in ci gaba ko in ajiye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa. Hukuncin ya rataya ne kan abin da ke faruwa a jikinka. Mai lafiya in ya wuni bai sha ruwa ba akwai wani sinadari, vasopressin, da ake saki daga ƙasan ƙwaƙwalwa ya sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsarin mai azumi da yamma ɗan kaɗan ne kuma launinsa ya yi duhu. Ƙodar nan tana tace kusan lita 180 a rana amma abin da ke fita bai fi lita 1 zuwa 2 ba, subhanallah. In kuma jini ya fara sauka sai ƙoda ta saki wani sinadari mai suna renin, daga nan a samu sinadarin anjiyotensin da ke matse jijiyoyin jini, sinadarin aldosteron kuma ya riƙe gishiri, ruwa kuwa gishiri yake bi.

To kai magungunanka aikinsu kenan su rage ƙarfin wannan tsari, ɗaya na hana samuwar anjiyotensin ɗaya na zubar da gishiri da ruwa, ka ga in ƙishirwa ta haɗu da su jini zai iya faɗuwa, ƙoda ma ta taɓu. Jirin nan ba raki ba ne.

Don haka ka koma wurin likitanka tukuna, sau da yawa akan mayar da shan maganin zuwa bayan buɗa baki ko a canza shi, in hakan ya yi azumi na nan a kanka. Kar ka kuskura ka daina sha da kanka wai don ka samu azumi, wannan yana damuna sosai. In likita amintacce ya ce akwai cutuwa to ka sha azumin ka rama, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 185, malamanmu na Malikiyya ma sun ce shan ya zama wajibi in ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ranar da duhun nan ya rufe ka kar ka jira magariba. In ciwon ba a sa ran zai bar ka ka rama, sai ka ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Wallahu a'alam.