Amsa kan tafiya Ɗa'ifa da doguwar mota mai ɗakin kwana

Malam, ka ce motarka mai ɗakin kwana ta kai mita 8, kuma kana so ka tashi daga Jidda zuwa Ɗa'ifa da iyali, ku kwana a jeji.

Shawarata ka bar hanyar Hada, domin hawa ce mai yawan kwana, ka bi ta Sail, wadda ta fi tsawo amma ta fi sauƙi. Wajen gangarowa ka sa ƙaramin giya, kada ka dogara da birki kaɗai, don yakan yi zafi har ka ji ƙaurinsa. Idan za ka yi ribas, ka sauke wani ya duba maka, saboda ni kaina na taɓa fasa fitilar baya a bangon wani gidan mai.

Kada ku yada zango cikin kwari ko da ya bushe ƙayau, domin ruwan da aka yi a kan duwatsu yana iya saukowa da dare. Saran itace don hura wuta laifi ne da ake cin tara a kansa, sai ka tafi da gas. Batun lasisi kuwa, ka kai takardun motar ofishin Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Saudiyya, su tantance ko naka ya dace da nauyinta.