Ki bar mijina ya riƙe muciya

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya same ni nan Gadarif ta Sudan, jikana ya karanta mini, na ce ya sake karantawa don ban yarda da kunnena ba. Wai tambaya kike ko al'adarmu ta yarda yara su shiga madafa, musamman namiji, kuma daga shekara nawa. Wai mijina, ɗan shekara shida, ya kafe sai ya tuƙa asida, tuwonmu na nan, surukarki ta ce ɗa namiji ba ya tsayawa a bakin murhu, ke kuma kin ga wata likita a waya tana cewa abin yana da amfani. Na yi dariya har na ƙware. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don ban zaci zan ga ranar da 'yar garinmu Maiwurno za ta nemi izinin waya kafin ta miƙa wa ɗanta ludayi ba.

Mu dai babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yau za a koya muku girki. Madafarmu rumfa ce a tsakar gida, ba ta da ƙofa balle a rufe. Kana fara tafiya za a ce miƙo mara, kana ƙara wayo a ce tsince wannan dawar. Kaka, Allah Ya jiƙanta, a goye aka taho da ita cikin ayarin da ya biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Takan ce a hanyar gabas ba a tambayi kowa ko mace ne ko namiji ba, wanda ya iya hura wuta shi ya ci abinci.

Bari in ba ki labarin uwasa, wato toya hilu-mur, abin da ake jiƙawa a sha da azumi, ta shekarar da aka sauke shugaban ƙasa Abbud, 1964. Sha'aban ɗin ya faɗo cikin sanyi. Tun makonni kafin ranar aka jiƙa dawa irin da ake kira fatarita, aka shimfiɗa ta a buhu ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro, sannan aka baza ta a rana. Gadin wannan shanya aikin Yaya ne, mahaifinki, Allah Ya gafarta masa. Yana zaune da kara a hannu yana fama da kaji da awakin maƙwabta, abokansa na kiransa zuwa bakin kogi, Kaka na leƙensa ta ƙofar ɗaki. Shi ya ɗauki tsiron a ka ya kai injin niƙa. Ni da 'yan'uwana mata aka ba mu dakan kayan ƙamshi, citta da kirfa da hulba da habahan, muka jiƙa tsamiya da zoɓo. Aka dama ƙullu a manyan tukwane aka rufe, ya kwana biyu yana tashi, ƙamshinsa har zaure.

Ranar uwasa mata suka cika gidan tun hantsi, har da maƙwabtanmu Larabawa, don a wurinsu iyayenmu suka koyi abin. An kafa doka, faffaɗan kaskon tuya, a kan duwatsu, mace ta zauna gabanta da gargariba, ɗan guntun kaban nan, ta zuba ƙullu ta share shi da sauri ya bazu siriri, ya yi ja, ta ɗaye ta miƙo. Yaya ke tura itace. Wutar doka ba ta son hauka, in ta yi yawa ya ƙone ya yi ɗaci, in ta yi kaɗan ya manne. Kaka ba ta yi masa bayanin komai ba, sai dai ta ce "rage" ko "ƙara", kafin azahar ya daina jiran ta faɗa, da ganin launin abin ya san me zai yi. Ni kuwa ninkewa aka ba ni, yatsuna suka yi jajir. Hayaƙi ya sa idanunmu hawaye, matan na ta waƙa da tsegumin aure, mu muna sauraro kamar ba ma ji. Rabin abin da na sani game da dangin nan a bakin dokar nan na ji shi.

Da la'asar aka gama, aka tara kwanduna. Nan Kaka ta kira mu yaran ta ce mu za mu yi rabo. Wannan na gidan liman, wannan na tsohuwar da ba ta da kowa a bayan masallaci, wannan na maniyyatan da suka sauka a zaurenmu, mutanen Katsina ne, suna tsintar auduga a Jazira don su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Da Yaya ya ga kwandon baƙin ya fi na ɗakinmu tudu, sai ya fashe da kuka. Ya ce shi ya kori kaji, shi ya sha hayaƙi, a kan me za a ba waɗanda ba su taɓa komai ba? Matan suka yi ta dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta ce, "To yanzu ka san abin da za ka bayar. Wanda bai sha hayaƙi ba, ko ya yi kyauta kayan wani ya bayar." Ta ɗora masa kwandon a ka, ya tafi yana shessheƙa. Ya daɗe bai dawo ba, ashe zama ya yi baƙin na ba shi labarin Kano da Fort Lami, wato Njamena ta yanzu. Kin dai san mahaifinki, kin san ba a taɓa buɗe-baki a gidansa ba tare da an shimfiɗa tabarma a titi an tare masu wucewa ba.

Maganar surukarki, ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. A garuruwanmu namiji babba ba ya kutsawa cikin mata yana buɗe tukunya, wannan kunya ce kuma tana da kyau. Amma yaro ɗan shekara shida ai ɗan ɗakin uwarsa ne. Kuma ki duba, wa ke yin agashe, tsiren nan da duk Sudan ta san mu da shi, daga Umdurman har Port Sudan? Maza ne, su ke yanka nama su barbaɗa ƙuli da yaji. Almajiran halwa, wato makarantar allo, su ke tuƙa asidarsu. 'Yan aikin yankan riɗi a gonakin nan na Gadarif wata suke yi a daji, babu matar kowa. Nana A'isha ma da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa.

Na ga amfanin abin da idona da yaƙin nan ya ɓarke a 2023. Da muka baro Madani a watan Disamba, a makarantar da muka fara sauka samari ne suka kafa takiyya, madafar ciyar da jama'a, suna dafa adas da balila a manyan tukwane. Waɗanda iyayensu mata suka bari suka taɓa muciya su suka ciyar da mu. Wasu kuma ga gemu, ga digiri, an ba su albasa suna juya ta a hannu. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, haka Inna take cewa in mun yi ƙorafin aiki.

Ku kuwa a Jidda na ji labari sai dai a danna waya, mai babur ya kawo kabsa ko soyayyiyar kaza a leda, yara na ɗaki an rufe musu ƙofa da sanyin na'ura. Sannan ki ce mini kishiyata ba ta cin miyar weka, ta busasshiyar kuɓewa, wai tana yauƙi. Ina za ta ci, ba ta taɓa ganin kuɓewa a shanya ba? Ki ba ta turmi ta daka, ki ga ko za ta bari a zubar da abin da hannunta ya yi.

Ban ce ki sake su da gas ba fa. Madafar bene ƙunci gare ta, mai zafi kuma ba ya sanin yaro. Ki juya hannun tukunya ciki, wuƙa ta zauna a wurinki tukuna. Su wanke shinkafa, su ɓare tafarnuwa, su murza gyaɗa, su jera kwanuka, su kai wa maƙwabta. In asida ta sauka daga wuta, ki riƙe tukunyar da tsumma ki bar shi ya juya, ko da gudaji za ta yi ku ci haka nan, kada kowa ya yi dariya.

Kada kuma ki yi jayayya da surukarki, uwa ce. Ki tura shi wurinta ya ce, "Hajiya, koya mini dama fura." Ban ga kakar da ta taɓa korar mai wannan roƙo ba. Ki gaishe ta da kyau, ki gai da maigidan. In akwai mai tahowa bayan Umara, a sako mini habahan da maganin gwiwar nan, na wancan karon ya ƙare.