Tambaya da Amsa: Wane ƙamusun Latin ya kamata in nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku kenan ina koyon Latin da kaina da wani littafin nahawu, burina in karanta marubutan tsohuwar Rum irin Caesar da Cicero ba sai da fassara ba, wataƙila nan gaba in leƙa rubutun malaman coci na baya. To ɗan jerin kalmomin da ke bayan littafin ya fara gaza min, na shiga intanet kuma kowa da ƙamusun da yake yabo, wasu Oxford wasu Lewis and Short, kaina ya ɗaure. Wanne zan nema? Sannan jiya na sha wahala ina neman kalmar tulit ban ganta ba, ko dai ƙamusun ne bai cika ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da tulit ɗin nan, don ita ce ainihin matsalarka ba ƙamus ba. Ƙamusun Latin ba ya jera kowace siffa ta kalma, asalinta yake kawowa, kamar yadda wanda ya saba da ƙamusun Larabci ya san sai ya mayar da kalma tushenta kafin ya same ta. Tulit tana nufin ya ɗauka ko ya kawo, kuma gidanta yana ƙarƙashin harafin f, wajen fero, za ka ga an rubuta fero, ferre, tuli, latum. Ka ga ai ko kama ba su yi ba. Haka sunaye suke, ka ci karo da itineris a cikin Caesar, to iter za ka nema, wato tafiya ko hanya, regis kuma rex ne, sarki. Shi ya sa duk aikatau da ka koya ka haddace siffofinsa huɗun nan tare, in ba haka ba ko ƙamus mafi tsada ka saya haka za ka yi ta juya shafi kana tsaki.

To yanzu ƙamusun. A matakin da kake, wallahi ban ga dalilin ka ɗauko babba ba. Ƙarami irin Cassell's ko Elementary Latin Dictionary na Lewis ya ishe ka shekara ɗaya ko biyu, Cassell's ma yana da ɓangaren Ingilishi zuwa Latin in kana son gwada rubuta jimla da kanka. Abu ɗaya da ba zan yi sassauci a kai ba shi ne alamar tsawon wasali, ɗan layin nan da ake sa wa a kan harafi. Mu Hausawa ai mun san wannan, dafa abinci daban dafa kafaɗa daban ko da yake rubutu ɗaya ne. A Latin liber da gajeren i littafi ne, da dogon i kuma mai 'yanci, malum da gajeren a sharri ne, da dogo kuma tuffa. Ranar da ka shiga waƙe irin na Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, ma'aunin baitin gaba ɗaya a kan wannan tsawo yake tafiya. In ka buɗe ƙamus ba ka ga alamar ba ka ajiye shi kawai.

Manyan biyun da ake ta musu a kansu kuwa, kowanne da inda ya fi. Lewis and Short ya fito a 1879, an gina shi ne a kan ƙamusun wani Bajamushe mai suna Freund, tsoho ne kam kuma wasu bayanansa na asalin kalmomi masana sun wuce su tuni, amma yana da faɗi, ya ɗauko har marubutan Kirista da suka zo daga baya. Oxford Latin Dictionary kuwa an kammala shi a 1982 ƙarƙashin editansa Glare, aka sake bugu na biyu a 2012, ya fi tsari da tsafta wajen rarrabe ma'anoni da kawo misalai, sai dai ya tsaya ne wajen shekara ta 200 miladiyya. Ma'ana Cicero da Caesar yana da su ciki da waje, amma malaman cocin da ka ce kana so ka leƙa, irin Augustine ko Jerome, ba ruwansa da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin da za ka karanta shi ke zaɓa maka ƙamus.

Wani ɗan tarko da ke kama sabbin shiga: rubutun haruffa ba ɗaya ba ne. Lewis and Short yana amfani da j da v, don haka iam za ka same ta a jam, shi kuma Oxford ba ya sa v ƙarama, video a wajensa uideo ce. Na taɓa ɓata kusan rabin awa a kan wannan, har na fara zargin an yage min shafi.

Kuma ba sai ka sayi Lewis and Short ba ma, kyauta yake a intanet, a shafin Perseus da kuma shafin Logeion na Jami'ar Chicago, inda kalma ɗaya za ka buga ƙamusoshi da yawa su fito maka a jere. Mai jin Faransanci kuma ga ƙamusun Gaffiot na 1934, ɗaliban Faransa da shi suka tashi. Akwai manhajoji irin Whitaker's Words da za ka sa musu tulit su ce maka fero ce, suna da amfani in ka maƙale, amma ka fara gwadawa da kanka tukuna, in ka saba da su tun yanzu nahawun ba zai zauna maka ba.

Za ka ji ana ambaton wani katafaren ƙamus, Thesaurus Linguae Latinae na birnin Munich, wanda aka fara aikinsa tun 1894 kuma har yau ba a gama ba, bayanansa ma da Latin aka rubuta su. Wannan na masu bincike ne, bar shi tukuna. Ni dai in ni ne kai, ƙaramin ƙamus na takarda a gefen littafi, Lewis and Short a waya don kalmar da ƙaramin ya rasa. In Allah ya kai ka Latin ɗin ƙarnonin tsakiya sai ka sake rubuto mana mu yi maganar ƙamusoshin Du Cange da Niermeyer.