Fitsari Na Kufce Mini: Me Zan Saya, Yaya Zan Koma Cikin Mutane?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, duk a kan larura ɗaya, kuma duk masu su sun roƙi a sakaya sunansu. Na sakaya.

Hajiya, shekarata 39, haihuwata shida. Tun bayan haihuwar autana, in na yi tari ko atishawa ko na ɗaga bokitin ruwa sai fitsari ya zubo mini. Audugar al'ada nake sawa, amma kafin azahar ta jiƙe tana zarni. Na daina zuwa Islamiyya, biki ma sai dai in aika da gudummawa. Ko maigidana bai sani ba. Wace auduga zan saya? — Wata uwa daga Gusau

'Yar'uwa, sannu. Allah Ya ba ki lafiya. Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne barin Islamiyya, domin larurar da kika kwatanta ba ta kai ta raba ki da karatu ba.

Audugar al'ada don jini aka yi ta, shi kuwa jini da kauri yake, kuma a hankali yake zuwa. Fitsari ruwa ne tsararo, lokaci guda yake zubowa, shi ya sa take cika nan da nan ta bar miki danshi a fata. Akwai audugar da aka yi musamman don fitsari. A cikinta akwai wani gari mai shanye ruwa ya mayar da shi kamar jeli, sai saman ya zauna a bushe, zarnin ma ya ragu ƙwarai. A manyan kantunan magani za ki samu irin su Tena da Seni, da wasu da ake yi a gida Najeriya. Duba jikin ledar, za ki ga zanen ɗigon ruwa a jere: yawan ɗigon da aka cike shi ne ƙarfin shanyewarta. Mai irin matsalarki ɗigo biyu ko uku ya ishe ta, siririya ce, ana manna ta a kamfai, ba wanda zai gane ko da a cikin leshi mai kama jiki ne. Kada mai kanti ya lallaɓe ki ki sayi pampas na manya. Ba ki kai nan ba, kuɗinki kawai za ki zubar, ga zafi a banza. Ki fara da ƙaramin fakiti ɗaya, in ya karɓe ki sannan ki sayi da yawa. Kuma kada ki ɗora auduga a kan auduga, bayan kowacce leda ce, ruwan ba ya ratsawa zuwa ta ƙasa, ta gefe zai bi.

To amma ba na so ki ɗauka auduga za ki yi ta saye har tsufa. Ciki da haihuwa ne suka sassauta naman da ke tallafe da mafitsara daga ƙasa, kuma wannan naman yana komawa da ƙarfinsa in ana motsa shi. Ki matse gabanki da bayanki ciki, yadda kike yi in kina riƙe tusa a cikin mutane, ba tare da kin ɗaure ciki ko cinya ko kin riƙe numfashi ba. Ki riƙe ki ƙirga biyar, ki saki ki ƙirga biyar. A hankali ki kai goma. Sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a rana, har wata 3 ba fashi. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan motsa jiki a 1948, kuma har yau da shi likitoci ke farawa kafin a yi zancen tiyata. Kina tsinke alayyafo za ki iya yi, kina zaune bayan sallah za ki iya yi. Ki kuma saba da matsewa kafin tari ko atishawa ta fito. Kada dai ki riƙa gwadawa kina tsakiyar fitsari, yana hana mafitsara juyewa duka.

Akwai abin da nake so ki tantance. In fitsarin yana tsiyaya dare da rana, kina kwance kina tsaye, ba tari ba atishawa, kuma ya fara ne bayan doguwar naƙuda ko tiyata, wannan yoyon fitsari ne na hujewar mafitsara, maganinsa ɗinki. Akwai cibiyar ƙasa a Babbar Ruga a Katsina, inda likita ɗan Holan Kees Waaldijk ya yi ta wannan aiki tun shekarun 1980, akwai ta Ningi a jihar Bauchi, akwai sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, a Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi. Bayaninki bai yi kama da wannan ba, amma na faɗa saboda wata mai karatu da ke zaune a kan tsumma shekara da shekaru tana zaton haka Allah Ya yi da ita.

Maigida kuwa, ki gaya masa. Haihuwar 'ya'yansa ce ta jawo, kuma kuɗin audugar yana cikin kula da lafiyarki. Ki je sashen mata na asibiti a duba ki, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ranar Asabar mai zuwa ki saka auduga ɗaya, ki jefa ɗaya a jaka tare da baƙar leda, ki ɗauki littattafanki ki tafi makaranta.

Mahaifinmu yana da shekara 74, ɓarin jikinsa ya shanye wata biyar da suka wuce. Yana jiƙa shimfiɗa kullum, katifa ta lalace. Na sayo masa pampas ya jefar, ya ce shi ba jariri ba ne, ya kwana biyu ba ya yi mini magana. Wanda muka samu ya yarda ya sa kuma yana zuba ta gefe. Ina mafita? — Ɗansa na fari, Zariya

Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba Baba lafiya. Fushin nan nasa ka fahimce shi. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ake durƙusa masa a zaure, yau ɗansa ya shigo da katan mai hoto a jiki, wataƙila ma a gaban jikoki da surukai. Ba abin ya ƙi ba, yadda ya zo masa ya ƙi.

Ka sake shiri. A bar likitansa ko nas ta faɗa masa cewa wannan yana cikin kayan jinya, kamar sandar da yake dogarawa. Dattijo yakan karɓi daga bakin likita abin da ba zai karɓa daga ɗansa ba. A cire kayan daga katan a jera su cikin akwatin tufafinsa. Mutum ɗaya ko biyu ne za su riƙa canza masa, iyalinsa ko kai, a rufe ƙofa, a lulluɓa masa zane a kan al'aura, ana yi ana hira da shi a kan wani abu daban. Kada a tambaya daga tsakar gida ko Baba ya jiƙe. Yaran gida kuma a ja musu kunne tun wuri.

Kafin ma a kai ga saye, ka lura ko yana jin fitsarin yana zuwa. Da yawan masu shanyewar ɓarin jiki suna ji sarai, isa banɗaki ne ke gagararsu, ko bakin ya yi nauyi ba sa iya kira a kan lokaci. In haka ne, robar fitsari ta maza a gefen gado, da ƙararrawa ko waya kusa da hannunsa mai lafiya, da miƙa masa robar duk bayan awa biyu zuwa uku ko bai nema ba, za su rage maka abin da kake kashewa, su kuma mayar masa da wani abu na ikon kansa.

Pampas na manya iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kama da gajeren wando da ake zurawa ta ƙafa, wannan na mai iya tsayawa ne, kuma dattawa sun fi karɓarsa don da kansu suke sawa. Akwai mai manne a gefe, wanda ake shimfiɗawa a mirgina majinyaci a kai. Shi ya dace da wanda ke kwance. In Baba yana tsayawa da taimako, ka ba shi mai wando da rana, mai manne mai ƙarfi da dare.

Zubar gefen nan yawanci daga girman pampas ɗin ne. Mutane na zaton babba ya fi shanyewa, sai su sayo XL wa tsohon da ya rame. Ka ari tef na tela ka auna ƙugu da kwatangwalo, ka ɗauki wanda ya fi faɗi a cikinsu, ka gwada da santimitar da aka rubuta a jikin leda, domin M na wannan kamfani ba lallai ya zama M na wancan ba. Kafin sawa a naɗe shi gida biyu ta tsawo don gezar da ke gefen ciki ta miƙe tsaye, ita ce ke tare ruwa a matsematsi. A tabbatar gabansa yana kallon ƙasa. Mannen ƙasa a ja shi ya kalli sama, na sama ya kalli ƙasa. Yawancinsu suna da layi a waje mai sauya launi in sun jiƙe, ba sai an buɗe ana dubawa ba.

Katifa a sa mata leda mai kauri, a ɗora zanen gado na auduga, sannan shimfiɗar jinya mai shanye ruwa, wadda aka fi samu a girman santimita 60 da 90. Kada fatarsa ta kwanta kai tsaye a kan leda, musamman a bazara. Fatar nan ita ce abin tsorona. Danshin fitsari da doguwar kwanciya su ke haifar da gyambon da ke cin watanni bai warke ba. Duk canji a wanke da ruwan ɗumi, a dangwala tawul har ya bushe ba gurzawa ba, a shafa man zinki irin Sudocrem ko basilin sama-sama. In ya yi kauri yana toshe saman audugar. Ban da hoda, dunƙulewa take yi. In ya yi bayan gida a canza nan take, komai sabuntar wanda ke jikinsa. A riƙa juya shi duk awa biyu, in ka ga jan wuri a ƙugu ko ɗuwawu da bai washe ba, a kira ma'aikacin lafiya.

Shekarata 66. In na gama fitsari sai ya ci gaba da ɗiga a wando, da dare ina tashi sau huɗu ko biyar. Shekara talatin ina sahun farko, yanzu a gida nake sallah don tsoron najasa. Na rage shan ruwa amma ba sauƙi. — Wani dattijo, Maraɗi

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya. Da farko ka koma shan ruwanka. Rage shi yana sa fitsari ya yi kauri, ya ƙara zarni, ya kuma riƙa tsikarar mafitsara. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, sai dai in likita ya ƙayyade maka saboda zuciya ko ƙoda. Ka sha yawancinsa kafin magariba. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri da kofi da goro, duk suna ƙara fitsari. In kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, tambayi likita ko za a mayar da shi safe.

Alamun nan sun yi kama da kumburin furostet, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda kan girma da shekaru ya matse hanyar fitsari. Ana shan magani, ana yin aiki in ta kama. Ciwon suga ma yana kawo yawan tashin dare. Ka je a gwada ka. In ka ga jini a fitsari, ko fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya mara ta kumbura, a ranar za ka tafi asibiti.

Kafin nan, akwai audugar maza, mai faɗi a sama siririya a ƙasa, ana manna ta a gaban kamfai mai kama jiki. A gajeren wando mai sakwa-sakwa ba ta zama. Ƙarƙashin babbar riga ba mai gani. Bayan ka gama fitsari ka ɗan jira, ka sa yatsu bayan maraina ka shafo gaba a hankali, ragowar da ke maƙalewa a hanya za ta fito.

Batun sallah, addini ya riga ya yi maka sauƙi. Malaman fiƙihu suna kiran wannan salasul bauli, kuma a Risala an ce mustahabbi ne mai shi ya yi alwala ga kowace sallah. Malikiyya sun yi rangwame a kan abin da ke taɓa tufafin mai larurar da ke zuwa masa kullum. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ɗaya daga matan Annabi (SAW) ta yi i'itikafi tare da shi tana jinin istihala, har ana ajiye tasa a ƙarƙashinta tana sallah. Ka keɓe da limaminku ka faɗa masa yadda naka yake zuwa, ya fayyace maka hukuncinsa. Ka sa sabuwar auduga, ka yi alwala, ka koma sahunka.

Kuɗin pampas ya fi ƙarfinmu. Za a iya shanya wanda bai jiƙe sosai ba a sake sa wa Inna? — Wata ɗiya, Azare

A'a, 'yata, kada ki yi. Ƙwayoyin cuta na nan ciki ko ya bushe, kuma garin da ya riga ya sha ruwa ba ya sake sha yadda ya kamata. Kuɗin maganin ƙuraje da ciwon mara zai fi abin da kika tattala.

Ga inda ake samun sauƙi. Ki raba kuɗin fakiti da yawan abin da ke ciki, ki san kuɗin guda ɗaya, sannan ki lura nawa Inna ke ci a yini. Mai araha da ake canzawa sau shida yana iya fin mai tsada da ake canzawa sau uku cin kuɗi. In kun gane wanda ya karɓe ta, ku haɗa kuɗi da 'yan'uwa ku sayi katan a wajen 'yan sari. Da rana a gida za ki iya amfani da ƙunzugu na tsohon tawul ko atamfar auduga mai laushi, guda takwas ko goma, a canza da zarar ya jiƙe, a wanke da sabulu a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Na kanti a bar shi don dare da ranar asibiti ko fita unguwa. Wanda aka cire a naɗe shi a ƙulle a leda kafin a kai bola, kada a jefa a masai ko banɗaki na ruwa, yana kumbura ya toshe.